Ƙuri'u 401: Tafiyar Mai Shari'a Cheri Beasley da Yadda Ake Zaɓen Alƙalai a Karolina ta Arewa

A ranar 12 ga Disamba, 2020, Cheri Beasley, wadda a lokacin ita ce babbar jojin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ta kira abokin takararta Paul Newby ta taya shi murnar lashe kujerar da take kai. Kusan mutum miliyan 5.4 ne suka jefa ƙuri'a a wannan takara, kuma bayan fiye da wata guda ana sake ƙidaya ana sauraron ƙorafe-ƙorafe, tazarar da ta rage tsakaninsu ƙuri'u 401 ce kacal. Dukansu biyu alƙalan kotu ɗaya ne, a zaure ɗaya suke sauraron ƙararraki, sai ga shi sun shafe shekara suna neman goyon bayan jama'a, ita da tutar jam'iyyar Demokrat, shi da ta Rifablikan.

Mai karatu da ya saba da tsarin Najeriya, inda Majalisar Shari'a ta Ƙasa ke ba da shawara sannan shugaban ƙasa ko gwamna ya naɗa alƙali, zai yi mamakin jin cewa akwai inda babban joji ke buga fasta yana tara kuɗin kamfe. A Amurka ma alƙalan tarayya naɗa su ake yi: shugaban ƙasa ya zaɓa, Majalisar Dattawa ta tabbatar, su zauna muddin rai. Amma kowace jiha tana da nata kundin tsarin mulki da nata kotuna, kuma a kotunan jihohin ne ake yanke mafi yawan shari'un ƙasar, tun daga rikicin haya da rabon gado har zuwa hukuncin kisa. Jihohi 39 cikin 50 suna amfani da ƙuri'a ta wata fuska wajen ɗora alƙalai ko sabunta musu wa'adi. Al'adar ta samo asali ne daga ƙarni na 19, lokacin da jama'a suka gaji da ganin gwamnoni da 'yan majalisa suna raba kujerun shari'a ga yaransu. Misisipi ce ta fara zaɓen dukkan alƙalanta a 1832, Niyok ta bi a 1846, ita kuwa Karolina ta Arewa ta shigar da tsarin cikin kundinta na 1868, bayan yaƙin basasa. Abin lura shi ne, waɗanda suka kawo zaɓen alƙalai sun kawo shi ne da niyyar kuɓutar da shari'a daga hannun 'yan siyasa.

A jihar akwai kotunan ɗaukaka ƙara hawa biyu. Ta farko ita ce Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda aka kafa a 1967, mai alƙalai 15 da ke zama uku-uku a kan kowace ƙara. A samanta akwai Kotun Ƙolin jiha mai alƙalai bakwai. Duk waɗannan kujeru 22, masu zaɓe na faɗin jihar ne ke cike su, kuma wa'adin kowace shekara takwas ne. Idan alƙali ya rasu ko ya ajiye aiki kafin wa'adinsa ya cika, gwamna ne ke naɗa wanda zai riƙe kujerar har zuwa babban zaɓe na gaba. Wannan ƙaramar ƙofa tana da girman da ba a cika lura da shi ba, kuma tarihin Beasley ya nuna hakan sarai.

An haife ta a Shikago a 1966, ta girma a birnin Nashville na jihar Tennessee, ta yi digirin farko a Jami'ar Rutgers a 1988, ta kammala karatun lauya a Jami'ar Tennessee a 1991. Aikin da ya fara fito da ita shi ne na lauyar gwamnati mai kare waɗanda ake tuhuma da laifi alhali ba su da kuɗin ɗaukar lauya, a gundumar Cumberland da birnin Fayetteville yake ciki. Wannan asali yana da muhimmanci, domin a Amurka an fi samun tsofaffin masu gabatar da ƙara da lauyoyin manyan kamfanoni a kan kujerun shari'a, kuma wanda ya yi aikin kare masu laifi yakan shiga zaɓe da kaya a ka, tunda kowane mutumin da ya taɓa karewa yana iya zama abin tallar suka a talabijin. A 1999 Gwamna Jim Hunt ya naɗa ta alƙaliyar kotun gunduma, masu zaɓe suka tabbatar da ita a 2002, suka sake yi a 2006.

Zaɓen 2008 ne ya ɗaga ta zuwa matakin jiha, kuma a nan ya kamata a ɗan tsaya, domin dokokin da aka yi wannan zaɓe a ƙarƙashinsu ba su nan a yau. A 2002 majalisar dokokin jihar ta zartar da wata doka da ta yi abubuwa biyu ga kotunan ɗaukaka ƙara, waɗanda suka fara aiki a zaɓen 2004. Na farko, ta cire sunan jam'iyya daga gefen sunan ɗan takarar alƙalanci a takardar ƙuri'a. Na biyu, ta kafa asusun gwamnati da ke ba 'yan takara kuɗin kamfe, da sharaɗin su fara tara ƙananan gudummawa daga masu zaɓe da yawa don nuna cewa suna da jama'a, sannan su amince da iyakar abin da za su kashe. Asusun yana samun kuɗi ne daga dala uku da mai biyan haraji zai iya karkatarwa zuwa gare shi idan ya so, da kuma dala 50 da lauyoyi ke biya a shekara, kuma daga cikinsa ake buga ɗan littafin da ake aika wa gidaje da bayanin kowane ɗan takara. Karolina ta Arewa ce jiha ta farko da ta yi wa zaɓen alƙalanta irin wannan cikakken tanadi. Hikimar a bayyane take: alƙalin da bai roƙi lauyoyi da kamfanoni manyan kuɗi ba, ba zai ji nauyinsu ba ranar da suka tsaya a gabansa.

A cikin wannan yanayi Beasley ta ƙalubalanci alƙali mai ci a Kotun Ɗaukaka Ƙara, Doug McCullough, ta kayar da shi da tazara mai faɗi, kusan kashi 57 bisa 43. Ta zama baƙar fata mace ta farko da ta ci zaɓen faɗin jihar ba tare da gwamna ya fara naɗa ta a kan kujerar ba. Idan ana neman hujjar masu goyon bayan zaɓen alƙalai, to ga ta nan a tsaye: mace wadda ba ta fito daga manyan ofisoshin lauyoyi ba, ta nemi kujera kai tsaye daga hannun jama'a, suka ba ta. Sai dai a duk hawa huɗu da ta yi a aikin shari'a, wannan ne kaɗai ta fara samu ta hanyar akwati. Sauran ukun, gwamnoni ne suka buɗe mata ƙofa, ƙuri'a ta biyo baya.

Hawa na uku ya zo a Disamban 2012, lokacin da Gwamna Bev Perdue, wadda ke dab da barin mulki, ta naɗa ta Kotun Ƙolin jiha a madadin Patricia Timmons-Goodson da ta yi ritaya. Kafin ta fuskanci masu zaɓe a 2014, ƙasa ta riga ta sauya a ƙarƙashin ƙafarta. 'Yan Rifablikan sun karɓi rinjaye a majalisar dokoki tun zaɓen 2010, kuma a 2013 suka soke asusun kamfe na alƙalai. Zaɓen 2014 shi ne na farko cikin shekara goma da 'yan takara suka koma neman kuɗi da kansu, kuma a shekarar ne wata ƙungiya mai zaman kanta ta sayi lokacin talabijin tana zargin wata alƙaliyar Kotun Ƙoli, Robin Hudson, da goyon bayan masu cin zarafin yara, saboda ra'ayin da ta rubuta a wata ƙara kan ko za a iya aiwatar da sabuwar doka a kan waɗanda aka yanke wa hukunci kafin a yi ta. Hudson ta tsira da kujerarta, amma kowane alƙali a jihar ya ga yadda ake mayar da tambayar tsarin mulki ta zama tallar daƙiƙa talatin. Ita Beasley da ƙyar ta sha a hannun lauya Mike Robinson, da ƙuri'u dubu biyar da ɗoriya, bayan an sake ƙidaya.

Daga nan majalisa ta ci gaba da taɓa dokokin zaɓen alƙalai kusan kowace shekara. A 2015 ta yi dokar da za ta ba alƙalin Kotun Ƙoli mai ci damar tsayawa shi kaɗai, masu zaɓe su ce e ko a'a, amma kotu ta rushe dokar. A Nuwamban 2016 Mike Morgan, ɗan Demokrat, ya kayar da Bob Edmunds a zaɓen da babu sunan jam'iyya a takarda, rinjayen kotun ya koma hannun Demokrat, kuma kafin shekarar ta ƙare majalisa ta yi zama na musamman ta mayar da zaɓen Kotun Ƙoli da na Kotun Ɗaukaka Ƙara na jam'iyya. A 2017 ta yi wa ƙananan kotuna haka, duk da ƙin amincewar sabon gwamna Roy Cooper, ɗan Demokrat. A shekarar ce kuma ta yi dokar rage alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 15 zuwa 12 ta hanyar ƙin cike gurbin masu ritaya, abin da zai hana Cooper naɗa magadansu. Wanda ya karya lagon wannan shiri shi ne Doug McCullough ɗin nan da Beasley ta kayar, wanda ya dawo kotun a zaɓen 2010. Ko da yake ɗan Rifablikan ne, sai ya ajiye aiki tun kafin lokacin ritayarsa ya yi, domin gwamna ya samu damar cike kujerar kafin dokar ta fara aiki. A 2019 majalisa ta janye dokar, adadin ya tsaya a 15. Na kawo wannan ne domin a san cewa a cikin jam'iyyun biyu akwai alƙalan da suka ɗauki kotu da muhimmanci fiye da tuta.

A Fabrairun 2019 babban joji Mark Martin ya bar aiki ya tafi shugabantar wata makarantar koyon aikin lauya, Cooper ya naɗa Beasley, ta hau kujerar ranar 1 ga Maris a matsayin baƙar fata mace ta farko da ta shugabanci kotun. Paul Newby, wanda ya fi kowa daɗewa a kotun tun zaɓensa na 2004, ya fito fili ya ce an tsallake al'adar ba wanda ya fi daɗewa, kuma ya bayyana cewa zai tsaya takara. Da a ce Beasley ta zauna a kujerarta ta da, wa'adinta zai kai 2022. Karɓar sabon muƙamin ne ya wajabta mata komawa gaban masu zaɓe a 2020.

Wata 22 da ta yi tana shugabanci sun faɗo a lokaci mai wuya. A Maris na 2020 ta ba da umarnin ɗage mafi yawan zaman kotuna saboda annobar korona, kuma shari'un da ke buƙatar masu taya alƙali yanke hukunci suka tsaya na tsawon watanni, abin da Newby ya soka yana cewa kundin jihar ya wajabta kotuna su kasance a buɗe. A farkon Yuni, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannun 'yan sanda, ta yi jawabi a bainar jama'a inda ta amince cewa baƙaƙen fata suna fuskantar hukunci mafi tsanani a kotunan jihar, maganar da ba a saba ji daga bakin babban joji mai ci ba. A watan Agusta kuma ta rubuta hukuncin masu rinjaye a ƙarar Marcus Robinson, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a gundumar Cumberland. Wata dokar jihar ta 2009 ta ba fursunoni damar ƙalubalantar hukuncin kisa idan suka nuna cewa wariyar launin fata ta yi tasiri a shari'arsu, kuma a 2012 wani alƙali ya gamsu da hujjar Robinson ya mayar da hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Majalisa ta soke dokar a 2013, daga baya aka mayar da shi jerin masu jiran kisa. Kotun Beasley ta ce ba za a sake jefa mutum cikin haɗarin kisa ba bayan an riga an fitar da shi, ta maido masa da ɗaurin rai da rai. Newby yana cikin waɗanda suka saɓa. Wato masu zaɓe sun samu 'yan takara biyu da bambancin fahimtarsu ga doka a rubuce yake, ba a ɓoye ba.

Amma da wuya a ce wannan bambanci ne ya yanke zaɓen. A karon farko a takararta ta faɗin jiha, sunan Beasley ya fito da alamar jam'iyya a gefensa, a takarda ɗaya da Donald Trump da Joe Biden, a shekarar da Trump ya ci jihar da tazarar da ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba. 'Yan Rifablikan sun lashe dukkan kujerun kotunan ɗaukaka ƙara takwas da aka yi takara a kansu a ranar, uku na Kotun Ƙoli da biyar na ta ƙasa da ita. Idan alƙalai takwas masu tarihin aiki daban-daban suka faɗi gefe ɗaya a rana ɗaya, alama ce cewa yawancin masu zaɓe harafin jam'iyya suka bi. Beasley ce ta fi kusa da tsira, abin da ke nuna cewa wasu sun tsallake layin jam'iyya dominta, sai dai ba su kai ba. Dokar jihar ta ba ta damar neman sake ƙidaya saboda tazarar ba ta kai ƙuri'u 10,000 ba. An sake ƙidaya da na'ura a duk gundumomi 100, aka ƙidaya wani samfuri da hannu, ɓangarorin biyu suka shigar da ƙorafi kan ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya, sakamakon bai juya ba, ta amince da shan kaye.

Abin da ƙuri'u 401 suka ɗauka ya wuce kujera ɗaya cikin bakwai. Babban jojin jihar ne ke naɗa shugaban ofishin da ke gudanar da dukkan kotuna, shi ke zaɓar shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara da shugabannin kotunan gunduma, kuma yana da hannu wajen zaɓar alƙalai uku da ke fara sauraron ƙarar da ke ƙalubalantar dokar majalisa. Rinjayen Demokrat ya ragu daga shida da ɗaya zuwa huɗu da uku, sannan a 2022 Richard Dietz da Trey Allen suka ci kujeru biyu, kotun ta koma biyar da biyu a hannun Rifablikan. A Fabrairun 2022 tsohuwar kotun ta yanke cewa shata iyakokin mazaɓu don fifita jam'iyya ɗaya ya saɓa wa kundin jihar, aka yi zaɓen majalisar wakilai ta tarayya da taswirar wucin gadi, jam'iyyun biyu suka raba kujeru 14 bakwai-bakwai. Sabuwar kotun ta amince ta sake sauraron ƙarar da aka riga aka yanke, abin da ba kasafai ake yi ba, kuma a ranar 28 ga Afrilu, 2023 ta juya hukuncin, ta ce wannan batu ba hurumin kotu ba ne. Majalisa ta zana sabuwar taswira, a zaɓen 2024 kujerun suka koma goma ga Rifablikan, huɗu ga Demokrat. Kundin tsarin mulkin jihar bai canza ko da harafi ɗaya ba tsakanin hukuncin farko da na biyu. Mutanen da ke karanta shi ne suka canza.

Masu kare wannan tsari suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa alƙalai suna da ra'ayi ko an rubuta jam'iyyarsu ko ba a rubuta ba, kuma ɓoye alamar yana barin mai zaɓe cikin duhu ne kawai, har ya zaɓi suna saboda ya yi masa daɗin ji ko saboda shi ne na farko a jeri. Suna kuma tunatarwa cewa shekaru da dama zaɓen alƙalan jihar na jam'iyya ne, lokacin da Demokrat ke cin moriyarsa, kuma ba su cire alamar ba sai da Rifablikan suka fara lashe kujeru. Wannan gaskiya ne, kuma tsarin naɗi ma bai kuɓuta daga siyasa ba, sai dai ya shigar da ita ɗaki ya rufe ƙofa. Duk da haka, a ganina, kuskuren da ya fi girma shi ne haɗa abubuwa biyun da aka yi tsakanin 2013 da 2017, wato cire kuɗin gwamnati da maido da tutar jam'iyya. Na farko ya tura alƙali wurin masu hannu da shuni, na biyu ya ɗaure makomarsa da ta ɗan takarar shugaban ƙasa wanda ba ruwansa da ingancin hukunce-hukuncensa. Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta ga haɗarin kuɗin a 2009, a ƙarar da ta taso daga Bajiniya ta Yamma, inda shugaban wani kamfanin kwal, Don Blankenship, ya kashe kusan dala miliyan uku don ganin an zaɓi alƙalin da daga baya ya zauna a kan ƙarar dala miliyan 50 da ta shafi kamfanin nasa. Kotun ta ce ya kamata alƙalin ya janye. Tun daga lokacin kuɗin sai ƙaruwa yake yi, har takarar kujera ɗaya ta Kotun Ƙolin Wiskonsin a 2025 ta ci kimanin dala miliyan 100.

Beasley ta koma aikin lauya a birnin Raleigh a 2021, sannan ta shiga siyasa gadan-gadan, ta nemi kujerar Majalisar Dattawan Amurka a 2022, Ted Budd ya kayar da ita da kusan kashi uku cikin ɗari. Jihar kuwa ta sake ganin irin wannan zaɓe na ƙut-da-ƙut a 2024, wannan karon da ƙarshe mai tsauri. Allison Riggs, 'yar Demokrat wadda Cooper ya naɗa Kotun Ɗaukaka Ƙara sannan ya ɗaga ta zuwa Kotun Ƙoli a 2023, ta fi Jefferson Griffin, ɗan Rifablikan kuma alƙali mai ci a Kotun Ɗaukaka Ƙara, da ƙuri'u 734 cikin fiye da miliyan 5.5. Griffin ya nemi a jefar da ƙuri'u sama da 60,000, yawancinsu bisa dalilin cewa rajistar masu su ba ta ɗauke da lambar lasisin tuƙi ko ta tsarin fansho na tarayya (Social Security), wasu kuma na sojoji ne da mazauna ƙasashen waje. Ƙarar ta bi ta kotun da shi yake zaune a ciki, inda abokan aikinsa biyu cikin uku suka goyi bayansa, ta kuma isa kotun da yake neman shiga. Sai a ranar 5 ga Mayu, 2025 wani alƙalin tarayya, Richard Myers, wanda Trump ya naɗa kuma ba ya fuskantar kowane zaɓe, ya yanke cewa ba a canza dokar zaɓe bayan an gama jefa ƙuri'a, ya umarci a tabbatar da sakamakon. Griffin ya amince bayan kwana biyu, aka rantsar da Riggs wata shida bayan ranar zaɓe. Kujerar da Newby ya karɓa daga hannun Beasley, tare da sauran biyun da aka ci a 2020, za su dawo gaban masu zaɓe a 2028.